Yadda na raka ƙanwata daga asibiti har gaban alƙali

Wata Talata ce a watan Janairun 2021, hunturu ya kankama, Auta ta shigo gida bayan isha'i da takalmi ƙafa ɗaya. Auta muke ce mata don ita ce ƙaramarmu, kuma da wannan sunan zan bar ta a nan. Shekararta 19 a lokacin, tana koyon ɗinki a wani shago da ke unguwarmu cikin garin Kaduna. Ni ce babba, malamar firamare, kuma tun rasuwar Baba duk abin da ya taso a gidan ni ake nema.

Umma ce ta kira ni a waya. "Ki zo yanzu, kada ki tsaya tambayata." Na tarar da Auta a ƙuryar ɗaki ta haɗa kai da gwiwa, ko kuka ba ta yi. Ƙanen mai shagon ne ya yi mata fyaɗe. Uwar ɗakinta ta tafi biki, sauran yaran sun tashi, ya ce ta tsaya ta gyara masa wuyan riga, ya mayar da ƙofa ya rufe. Iyakar abin da zan faɗa ke nan a kan wannan, sauran nata ne.

A tsakar gida Umma ta riga ta ɗora tukunyar ruwa a kan gawayi, za ta yi mata wanka ta gasa mata jiki. Duk uwar da ta ga 'yarta a wannan hali abin da zuciyarta za ta fara raya mata ke nan. Ni kuwa na taɓa jin wata likita a rediyo tana cewa kada a yi wanka, kada a wanke tufafin, a garzaya asibiti. Na durƙusa na ce, "Umma, don Allah ki sauke ruwan nan." Ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Haka zan bar ta ta kwana da ƙazantar wannan azzalumin?" Ban taɓa musu da mahaifiyata irin na wannan dare ba. Daga ƙarshe ita da kanta ta sauke tukunyar, ta zauna a bakin murhu tana salati har gawayin ya mutu. Na ba Auta wasu kayan ta canza, na tattara waɗanda ta cire, har da takalmin ƙafa ɗayan, na ƙulle a leda.

Gari na wayewa muka tari Keke. A jihar Kaduna akwai cibiyoyin da ake kira Salama, waɗanda aka buɗe don masu irin wannan lalura: ɗaya a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, ɗaya a Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ɗaya a Gambo Sawaba a Zariya, ɗaya a Kafanchan. Mutanen Kano suna da tasu, Waraka, a asibitin Murtala. Mu muka nufi wadda ta fi kusa da mu. Na ɗauko kuɗin adashena gaba ɗaya a jaka, amma ko sisi ba a karɓa ba.

Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne nas ɗin ba ni ta kalla ba, Auta ta kalla. Ta ce mata, "Ƙanwata, kina so Yayarki ta zauna ko ta jira a waje?" Tun daren jiya kowa yanke mata hukunci yake yi, har da ni, sai ga wadda ta tambaye ta ra'ayinta. Auta ta riƙe min gefen hijabi, na zauna. Kafin a taɓa jikinta sai da aka yi mata bayanin kowane gwaji, aka ce tana da ikon cewa a dakata, ta sa hannu a takarda. Da na miƙa ledar kayan, nas ɗin ta ce mun kyauta da ba mu wanke ba, amma leda tana riƙe danshi ta lalata abin da ake nema. Takarda ta fi. Ta juye su cikin babbar ambulan, ta rubuta kwanan wata da lokaci, ta manne bakin.

A nan na fahimci dalilin gaggawar. Akwai maganin kariya daga cutar ƙanjamau da suke kira PEP, wanda dole a fara sha cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Kwana 28 ake shansa ba fashi. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa shi kuma yana aiki ne cikin kwana 5. An yi mata allurar riga-kafin ciwon hanta, aka ba ta magungunan cututtukan da ake ɗauka ta wannan hanya, aka sa mata ranakun dawowa a sake gwajin jini. Ina tuna mata nawa a unguwarmu suka ɓata waɗannan kwana ukun suna shawara da kawunnai a kan ko a fita da maganar ko a bar ta. Ko da iyali sun ƙudura ba za su je wurin hukuma ba, asibitin nan hakkin yarinya ne, kuma ba a ce sai kin zo da takardar 'yan sanda kafin a duba ki ba.

Maganin PEP bai zo wa Auta da sauƙi ba. Makon farko tashin zuciya da jiri, ko ƙanshin miya ba ta so. Na zana gidaje 28 a bayan kalandar ɗakinta, kullum bayan isha'i in dama mata kunu ta sha maganin, ita da hannunta ta soke gida ɗaya. Ranar ta tara ta ture kofin ta ce ta gaji, gara ta mutu ta huta. Ban yi mata faɗa ba. Na kira mai ba da shawarar da aka haɗa mu da ita a cibiyar, suka yi magana kusan rabin awa, sannan ta haɗiye ƙwayar.

Amma na yi gaba da labari. A ranar farkon, bayan an gama gwaji, sun tambaye ta ko tana son a kai maganar ga 'yan sanda. Tunda ta mallaki hankalin kanta, zaɓin nata ne. Ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Akwai yara ƙanana a shagon nan. Zan kai shi."

Caji ofis ɗin da muka fara zuwa ba zan faɗi sunansa ba. Wanda muka tarar a kanta ya ɗaga murya gaban jama'a yana cewa, "Ke me ya zaunar da ke a shago har dare?" Na ji Auta ta saki hannuna za ta juya. Na ce masa mun zo ba da rahoton laifi ne, kuma muna neman 'yar sanda mace ta ɗauki bayaninta a keɓe. Ya yi tsaki, amma an kira mana wata. Ita kam ta yi aikinta da mutunci. Ta rubuta bayanin da Turanci, ta miƙo a sa hannu, na ce a fara karanta mana a fassara da Hausa. Allah ya sa na nace, domin ta rubuta cewa Auta ta koma shagon ne da dare, alhali ba ta taɓa fita ba tun rana. Jimla ɗaya ce, amma daga baya lauya ta ce min da a haka aka bar ta, da ita lauyan wancan ɓangaren zai riƙa dukanmu har ƙarshen shari'a. An kuma ce mu kawo kuɗin mai kafin a je kamo shi. Na san ba ƙa'ida ba ce, na kuma san in na tsaya jayayya zai sulale ya bar gari. Na bayar, kuma har yau abin yana ci min rai. Da suka je shagon suka same shi, suka kuma sami ɗaya ƙafar takalmin Auta a ƙarƙashin teburin yanka. Bayan kwana biyu aka mayar da maganar sashen binciken manyan laifuka, wato CID, tunda fyaɗe ya fi ƙarfin ƙaramin ofis.

Duk wannan bai kai abin da ya biyo baya nauyi ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka yi sallama. Mutum shida: mahaifin yaron, wani dattijo daga masallacin unguwa, wakilin mai unguwa, wasu biyu da ban sani ba, sai Kawunmu, yayan Umma, wanda shi ya yi musu jagora. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Suka ajiye ƙullin goro da wata ambulan mai kauri. Dattijon ya yi doguwar nasiha a kan zumunci da maƙwabtaka, ya ce sharrin shaiɗan ne, ya ce Allah yana son mai rufa asirin ɗan'uwansa. Mahaifin yaron ya ce a shirye suke ɗansu ya aure ta, su yi komai har kayan ɗaki. Kawu ya juyo wurina ya ce, "Ke malama ce, kin fi kowa sani. In maganar nan ta shiga kotu, wa zai auri yarinyar nan? Ku kanku wa zai ƙara kallonku da daraja?" Ɗaya daga cikin baƙin ya ƙara da cewa ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Auta tana bayan labule tana jin komai. Mutum shida sun zauna sama da awa guda suna maganar mutuncin gidanmu da makomar ɗansu, babu wanda ya tambayi ya jikinta.

Ban iya mayar wa Kawu magana ba, tarbiyyarmu ba ta ba ni wannan ba. Abin da na ce kawai shi ne, "Kawu, a yi haƙuri, maganar ta fita daga hannunmu." Kuma gaskiya na faɗa. Kwana ɗaya kafin nan cibiyar ta haɗa mu da wata lauya daga ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, waɗanda ke taimaka wa mata da yara ba tare da karɓar kuɗi ba. Ita ta fahimtar da ni cewa fyaɗe laifi ne tsakanin mai laifi da gwamnati. Gwamnati ce mai ƙara, Auta shaida ce, kuma ba irin ƙarar da dangi ke zama a zaure su ce sun janye ba ce. Ta ce yawancin shari'un da ke mutuwa, ba janye su ake yi a hukumance ba; iyali ne ke karɓar kuɗi su daina zuwa, ko su tura yarinyar ƙauye, sai alƙali ya rasa shaida ya kori ƙarar.

Wadda ta rufe zaman Umma ce, ita da a daren farko take roƙona kada kowa ya ji. Ta fito da lulluɓinta, ta ɗauki ambulan ɗin ta ajiye a gaban Kawu, ta ce, "Yaya, mayar musu. Marainiya ce, ubanta ya bar min ita amana. Wanda ya yi mata wannan ba zan ɗaura mata shi a wuya ba." Kawu bai sake taka gidanmu ba sai da sallar layya ta zagayo.

A wajen lauyar na koyi dokokin da ban san muna da su ba. A 2015 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane da ake kira VAPP. Ita ce ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe har ta haɗa da wanda aka yi wa namiji, ta ba wanda aka zalunta hakkin samun magani da shawara da taimakon lauya, ta ba kotu ikon sa a biya shi diyya, ta kuma hana bayyana sunansa a kafafen labarai. Da farko a Abuja kaɗai take aiki sai jiha ta ɗauke ta, Kaduna kuwa ta yi tata a 2018. Sannan a 2020, bayan kisan ɗaliba Uwaila Omozuwa a Benin ya tayar da ƙura a ƙasa baki ɗaya, gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe, kuma a watan Satumbar shekarar gwamna Nasir El-Rufai ya sa hannu a gyaran dokar laifuka ta jihar: wanda ya yi wa yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe, dandaƙa da kisa, in ta haura haka, dandaƙa da ɗaurin rai da rai. Mutane sun yi ta murna da tsananin hukuncin. Ni da na shiga ciki na ga wani gefen: yadda hukunci ya yi tsanani, haka dangin mai laifi ke ƙara matsa lamba, har su sa yarinya ta ji kamar ita ce za ta hallaka ɗan mutane. Auta ta sha tambayata cikin dare, "Yaya, in aka yi masa haka, alhakin a kaina yake?"

Wannan tambayar ba lauya ce ta amsa ta ba, malamarsu ta Islamiyya ce. Ta zo har gida, ta zauna kusa da ita, ta ce mata wanda aka tilasta babu zunubi a kansa, haka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar. Ta ce rufin asirin da addini ya yi umarni da shi bai haɗa da ɓoye azzalumi ya ci gaba da cutar da bayin Allah ba. Ranar ce na fara ganin Auta ta ci abinci ta cinye.

Shari'ar kanta kuwa jira ce. An fara kai shi kotun majistare, na ɗauka a nan za a yi ta ta ƙare. Ashe majistare ba ta da hurumin sauraron fyaɗe. Iyakarta ta tura shi gidan gyaran hali a ajiye, a aika fayil wurin lauyoyin gwamnati su duba su ba da shawara, sannan a shigar da ƙara a babbar kotu. Muna cikin wannan jiran ma'aikatan kotuna suka shiga yajin aiki a watan Afrilun 2021, ba a buɗe ba sai Yuni. Ana buɗewa ba da daɗewa ba hutun alƙalai na shekara ya shigo. Na sayi littafi mai ganye 40 irin na ɗalibaina, ina rubuta komai: ranar da muka je, wanda muka gani, abin da ya ce, lambar fayil, kuɗin mota. Takardar likita na yi mata kwafi uku, ɗaya a wurina, ɗaya wurin lauya, ɗaya a akwatin Umma. Duk wadda za ta bi wannan hanya ina ba ta shawarar littafin nan, don watanni na tafiya ranaku suna cakuɗewa a kai.

A tsakanin nan saurayin da ke neman Auta ya ɗauke ƙafa ba sallama. Mata a wajen biki su yi shiru in mun shigo. Wata rana wani ya tare ta a hanyar famfo ya ce ta yi hankali da kanta. Mun sanar da ɗan sandan da ke riƙe da binciken da kuma lauya a rubuce, aka kira mahaifin yaron aka ja masa kunne, ni kuma na ɗauko ta ta dawo gidana. Mijina, Allah ya saka masa, shi ya share mata ɗakin baƙi da hannunsa. Wata da watanni ba ta iya kwana fitila a kashe, kuma ko a hanya ta ji ƙarar keken ɗinki sai jikinta ya ɗauki rawa. Duk bayan mako biyu nakan raka ta wurin mai ba da shawara. A can aka ce min in daina ce mata "ki manta," in daina tambayarta labarin, in bar ta ta yi maganar lokacin da ta so. Ni kaina an zaunar da ni sau biyu, don na fara yi wa ɗalibaina tsawa ba dalili.

Sai a 2022 ranar ba da shaidarta ta zo. Tun ana jibi lauyar gwamnati ta zauna da ita tare da lauyarmu, suka nuna mata inda za ta tsaya, suka ce in ba ta gane tambaya ba ta ce a maimaita, in ba ta tuna abu ba ta ce ba ta tuna ba, kada ta yi ƙoƙarin cike gurbi. Da Turanci ake shari'a a babbar kotu, amma akwai tafinta, kuma hakkinta ne ta yi magana da harshenta. Lauyar gwamnati ta roƙi a fitar da 'yan kallo, alƙali ya amince, ɗakin ya rage mu kaɗan.

Shi yana tsaye a akwatin wanda ake tuhuma, tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi taku shida ba. Tun daren nan ba ta sake ganinsa ba sai ranar. Ta rantse, ta fara magana muryarta can ƙasa har alƙali ya ce ta ɗaga. Ta kafa idonta a kan tafinta, ta faɗi komai daga farko har ƙarshe, sau biyu kawai ta tsaya ta sha ruwa.

Lauyansa ya miƙe. Ya tambaye ta ƙarfe nawa, ina fitila take, me ya sa ba ta yi ihu an ji ba. Ta ce ta yi, janareton mai niƙa na kusa da su yana aiki. Sai ya gyara tsayuwa ya ce, samari nawa ta taɓa yi kafin wannan rana? Kafin tafinta ya gama fassarawa lauyar gwamnati ta miƙe. Ta ce sashe na 234 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana a tambayi mai ƙorafin fyaɗe game da alaƙarta da wani namijin da ba wanda ake tuhuma ba, sai da izinin kotu. Alƙali ya ce ba za ta amsa ba, lauya ya wuce zuwa wata tambayar. Na ji hawaye ya zubo min. Shekara guda da wani abu mutanen unguwa suna yi mata wannan tambayar da ido da baki, ba wanda ya taɓa tsawatar musu.

Kafin nan, lokacin da lauyar gwamnati ke yi mata nata tambayoyin, an kawo ambulan ɗin nan da nas ta manne, da wata ƙarama daga wurin 'yan sanda. Magatakarda ya buɗe su a kan tebur. Ya fito da takalmi ƙafa ɗaya daga wannan, ƙafa ɗaya daga waccan, ya jera su: silifas ruwan toka mai ɗan fure a sama, wanda na saya mata da ƙaramar sallah. Aka tambaye ta ko ta gane su. Ta ce, "Nawa ne. Wannan da shi na koma gida, wannan a shagon na bar shi." Aka karɓe su a matsayin shaida, aka manna wa kowanne lamba.

Bayan ta sauko aka ɗage zaman. Saura likitan da ya duba ta, wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar hukuma, da ɗan sandan da ya yi bincike, sannan shi ya kare kansa. Lauyar gwamnati ta ce an aika wa likitan sammaci. Na buɗe littafina na rubuta sabuwar ranar a ƙasan sauran, zuwa na 17 ke nan, sannan na kira shugabar makarantarmu tun a harabar kotu na nemi izinin wannan ranar. Auta tana zaune a kan dakali tana jirana, ta cire takalminta tana murza ƙafa, ta ce, "Yaya, kira Umma ki ce mata na faɗa duka."